Allurar da ta kwanta a dashbod ba ado ba ce

Aikina gyaran wutar manyan motoci, tirela da tifa da tanka, kuma cikin motocin da ake kawo mini ba kasafai nake samun wadda duk allurorin dashbod ɗinta ke aiki ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yawanci ba don su aka zo ba. Direba zai shigo ya ce a sa masa fitilu masu haske irin na zamani, shuɗi ko fari, dashbod ya yi kyau da dare. In leƙa in tarar mitar baƙin mai ta kwanta, ta zafin inji ba ta motsi, wani lokacin ma an manna baƙin salatif a kan jar fitilar gargaɗi don tana damun ido. In ka yi magana a ce: "Ai na san motata, da kunne nake jin ta."

Kunne yana jin inji ne bayan ɓarna ta auku. Idan famfon baƙin mai ya daina turawa, allura ce ke fara faɗa maka, kuma tsakanin faɗuwarta da bugawar inji 'yan mintoci ne, wani lokacin ma ba su kai ba. Haka zafi. Injin dizal na babbar mota yana zama ne a wajen digiri 80 zuwa 95. Idan lagireto ya zubar da ruwa a kan hanya kuma babu mai gaya maka, sai gasket ya ƙone ko kan inji ya lanƙwashe. Kuɗin sensa ɗaya ba ya kusa da kuɗin sauke inji.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce mitar iska. Burkin babbar mota da iska yake aiki, kuma a DAF da MAN da Mercedes da Howo allurar takan zauna sama da bar 8 idan tankuna sun cika. Da ta sauko wajen bar 6 ko ƙasa da haka, ya kamata jar fitila ta kama, ƙararrawa ta yi kuka. Na sha tarar da ƙararrawar an cire mata waya saboda tana hana yaron mota barci. Wanda ya taɓa gangaro Hawan Kibo da cikakken lodi ya san yadda taka burki a kai a kai ke cinye iska. Ba tare da mita ba, sai ƙafarka ta gaya maka, a lokacin kuma zance ya ƙare.

Ga masu motoci kuma, kafin ku aika Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo dashbod sukutum, ku bari a auna. Sau da yawa ita mitar lafiyarta ƙalau. Idan allurori da yawa suka haukace tare, ko suka motsa duk lokacin da aka kunna fitilar gaba, abin da nake fara dubawa shi ne wayar at, wadda ke komawa jikin bodi. Tsatsa da ƙura da jijjigar hanya sun isa su sassauta ta. Idan ɗaya ce tak ta kwanta a tsohuwar mota, sai in bi ta kan sensa da wayarta. Sensar tankin mai tana da nata sirrin: irin ta Turai ta VDO tana tafiya ne daga om 10 zuwa 180, ta Amurka kuwa daga 240 zuwa 33, wato a juye. Ka sa ta wata a wata, geji ya nuna maka tanki cike alhali dizal ya kusa ƙarewa. An zargi direbobi da satar mai a kan wannan kawai.

Sababbin motoci wani karatu ne. Allurar ba ta karɓar saƙo kai tsaye daga sensa, kwamfutar inji ce ke aiko mata ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, waɗanda ake kira CAN. Idan aka kashe wuta aka auna tsakaninsu, ya kamata a ga om 60. Aka ga 120, to layin ya tsinke ko ɗaya daga cikin bakinsa biyu ya saki. A nan ne nake roƙon abokan sana'ata su ajiye tsohuwar dabarar ƙyasta waya a jikin ƙarfe a ga tartsatsi, domin ita ke ƙona kwamfuta. A cikin dashbod ɗin kuma kowace allura tana da ɗan ƙaramin injinta a baya. Wanda ke maƙalewa ko rawa a cire shi a sa sabo, inda dalma ta tsage a sake liƙe ta. Aikin haƙuri ne da hannu mai sanyi, kuma kafin a zare allura a yi alamar inda take, in ba haka ba za ta dawo tana ƙarya.

Ban hana kowa canza fitilun dashbod ba. Tsofaffin ƙwayayen suna dushewa, zafinsu yana cin robar da suke ciki, kuma LED ya fi su daɗewa. Amma babbar mota volt 24 ce, batir biyu a jere, kuma idan inji na aiki altaneta na kai wutar wajen 28. LED na ƙaramar mota mai volt 12 ba ya kwana a wurin. Yawancinsu kuma suna da gaba da baya, in bai kama ba a juya shi kafin a ce ya mutu.

Akwai ƙwai ɗaya da ba na taɓawa a tsofaffin motoci, na alamar batir. Ta cikinsa ne 'yar wutar da ke tayar da altaneta take bi. Ka sa LED a gurbinsa, wutar da ke wucewa ta yi kaɗan, altaneta ta ƙi fara caji sai an taka totur sosai, ko ta ƙi gaba ɗaya. An kawo mini motar da aka canza wa altaneta da batura, ashe matsalar ƙwai ne da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. In dole sai an sa LED a wurin, a haɗa masa resisto a gefe.

Launi ma ba son rai ba ne. Shuɗin LED a bayan jar murfi ba ya fitowa ja, dusu-dusu yake yi, sai gargaɗin burki ya zama abin da ido ke tsallakewa. Ja a bayan ja, ruwan ɗorawa a bayan ruwan ɗorawa. Hasken da ya yi yawa kuwa yana kashe ido. Mai tafiyar dare daga Mokwa zuwa Jebba yana bukatar ganin motar da ta lalace a tsakiyar titi babu alama, kuma dashbod mai walƙiya a fuskarsa yana rage masa nisan gani. Shi ya sa nake gwada maɓallin rage haske bayan kowane aiki, domin wasu LED masu araha ba sa raguwa, ƙiftawa kawai suke yi.

Gwajin da nake koya wa kowane direba ba ya bukatar kayan aiki. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba: fitilun gargaɗi su kama, musamman ta baƙin mai da ta batir. Tayar da inji, waɗannan biyun su mutu cikin 'yan daƙiƙu, allurar iska ta fara hawa. Wadda ba ta kama ba tun farko, ƙwanta ya ƙone ko wani ya cire shi, kuma a motocin da aka sayo na hannu an fi samun na biyun.