Darasi na Goma Sha Biyu: Lambar da Ke Cikin Kwana Ɗaya

A cikin kwana ɗaya akwai awa 24, a kowace awa akwai minti 60, a kowane minti kuma sakan 60. Idan muka lissafa 24 sau 60 sau 60, za mu sami 86,400. Da Hausa ana karanta ta haka: dubu tamanin da shida da ɗari huɗu. Tsofaffin 'yan kasuwa kan kira ɗari huɗu arbaminya, amma yau ba safai ake jin kalmar ba.

A nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Idan mutum ya ce "dubu tamanin da shida" ya yi shiru, mai sauraro zai iya ɗauka 86,000 ake nufi, ko kuwa 80,006. Saboda haka mai ciniki yakan ce "dubu tamanin da dubu shida" idan ta farko yake nufi, "dubu tamanin da guda shida" idan ta biyu ce. Tsakaninsu akwai naira 5,994, kuɗin da ya isa ya haddasa rigima a kasuwa.

Yanzu mu dubi halin lambar. Lambar da take rabuwa gida biyu ba saura ana kiranta cika, wadda ta bar saura ɗaya kuwa mara ce. 86,400 cika ce. Tun da ta ƙare da sifiri, 5 da 10 suna raba ta daidai. Idan aka tara 8 da 6 da 4 za a sami 18, wannan ya nuna tana rabuwa da 3 da kuma 9. Daga 1 zuwa 10, lamba 7 kaɗai ta gagara: 7 sau 12,342 ya ba da 86,394, saura 6.

Gaba ɗaya lambobi 96 ne suke raba ta ba saura. Asalin wannan sauƙi daga 60 yake, ƙidayar da aka gada daga mutanen Babila na zamanin da. Shi ya sa rubu'in awa ya zama minti 15 cif, sulusinta kuma minti 20.

Aiki
1. Ku rubuta 43,200 da 40,003 da kalmomin Hausa.
2. Sakan nawa ne a cikin mako ɗaya? Lambar cika ce ko mara, kuma 7 tana raba ta?