Amsar Tambaya: Wane Ƙaramin Kibod Zan Saya?

Tambaya: Ina buga takardu da lissafin dillalan albasa a Madawa, teburina ƙarami ne. In ɗauki kibod na 60% ko na 75%?

Amsa: Malam, bar na 60% ɗin nan ga masu wasan kwamfuta. Maɓallansa 61 ne, ba kibiyoyi, ba jerin F. Na 75% yana da su duka. Amma kai da lissafi ne abincinka, tuna cewa a tsarin AZERTY na Faransanci sai ka danne Shift kafin lamba ta fito. Wuni guda a Excel haka, ɗan yatsanka zai yi ƙara. Don haka nemi na 96%, wanda ya matse jiki amma bai zubar da ɓangaren lambobi ba.

Kayan da ke shigowa daga Kano galibi QWERTY ne. In ka juya irin wannan kibod zuwa AZERTY, za ka iya rasa maɓallin < da >, kuma rubutun kan maɓallai zai riƙa yi maka ƙarya. Duba kafin ka biya.

Sai ƙurar hunturu, mai iya lalata makunnai: zaɓi wanda ake cire makunnansa a sauya ba tare da dalma ba. Kibod mai waya ya ishe ka.