Wane Gilashin Kyamara Ya Fi Saurin Kama Saiti?

Akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa tsakanin masu ɗaukar hoto. Wasu sun ce in kyamararka Canon ce ko Nikon, to kada ka ɗaura mata gilashin kowa sai na kamfanin da ya ƙera ta. Wasu kuwa sun ce wannan ɓarnar kuɗi ce, gilashin Sigma ko Tamron ko Tokina ma yana yin aikin, ga shi sau da yawa ya fi araha. Babban abin da ake ja a kansa shi ne saurin kama saiti, wato yadda kyamara ke motsa gilashi da kanta har abin da ake son ɗauka ya fito raɗau, ba dishi-dishi ba.

Kafin mu yanke hukunci, bari mu ga abin da ke motsa gilashin. A shekarar 1985 kamfanin Minolta na ƙasar Japan ya fito da kyamara mai lamba 7000, wadda ke da ɗan inji a cikinta, yana juya gilashi ta wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin sukuddireba. Nikon ya bi wannan hanya a 1986. Shi kuwa Canon, da ya fito da EOS a 1987, sai ya sa injin a cikin kowane gilashi, kyamara ta riƙa aika masa umurni ta wayoyin lantarki. Yau kusan kowa ya koma ga wannan dabara.

To, ashe ke nan sauri yana ga ƙarfin injin da kuma nauyin abin da yake turawa, kuma waɗannan ba ruwansu da sunan da aka rubuta a jiki. Ga misali daga cikin gida ɗaya: gilashin Canon EF 85mm f/1.2L ya yi suna wajen kyawun hoto, ya kuma yi suna wajen nawa, domin gilasan cikinsa manya ne masu nauyi. Ƙanensa 85mm f/1.8, wanda bai kama ƙafarsa a tsada ba, ya fi shi sauri. Haske ma yana da nasa rabo. Gilashin da ke buɗewa zuwa f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na mai f/5.6, saboda haka da almuru shi zai kama saiti, wancan yana ta kai da komo yana lalube.

Inda sunan kamfani yake da tasiri na gaskiya shi ne wajen maganar da ke gudana tsakanin kyamara da gilashi. Kyamara tana cewa matsa gaba kaza, gilashi yana amsawa ga inda nake, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan harshe kuwa mallakar mai kyamara ne. Shekara da shekaru Sigma yana gano harshen Canon ta hanyar bincike da gwaji, kamar baƙon da ya koyi Hausa a kasuwa: yana ciniki lafiya lau, amma ranar da aka yi masa zaurance sai ya tsaya. Abin da ya faru ke nan da wasu tsofaffin gilasan Sigma, waɗanda suka ƙi aiki sosai da aka ɗaura su a sababbin kyamarorin Canon. Don maganin irin wannan ne Sigma ya fito da wata 'yar na'ura a 2013, Tamron ma ya fito da tasa a 2016, da ake haɗa gilashi da kwamfuta a sabunta masa manhaja.

Sony ya bi wata hanya. A 2011 ya buɗe wa sauran maƙera bayanin bakin kyamarorinsa da ake kira E, shi ya sa gilasan Sigma da Tamron na wannan baki suke kama saiti da sauri ƙwarai. Duk da haka ya rage wa kansa wani abu. Kyamararsa Alpha 1 ta 2021 tana iya ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa tana bin abu mai gudu, amma da gilashin wani kamfani ba ta wuce 15.

Ni a ganina, wanda aikinsa hoton mutane ne a tsaye, ko na biki, ko na aji, da wuya ya ga bambanci, gara ya adana kuɗinsa. Mai bin 'yan gudun mita 100 ranar wasannin gidaje, ko dawaki a sukuwa, shi ne ya kamata ya yi tunani sau biyu, domin abin da ke tahowa da gudu shi ke tona asirin gilashi.

Kuma kada ku saya bisa ga ji-ta-ji-ta, ku gwada. Ku ɗaura gilasan biyu a kyamara ɗaya, a wuri ɗaya, cikin haske ɗaya. Ku sa saiti a kan abu na kusa, sa'an nan ku nufi na nesa, wani kuma yana ɗaukar bidiyon fuskar kyamarar da wayar hannu. Bidiyo mai hoto 30 a daƙiƙa zai ba ku damar ƙirga lokacin. Ku maimaita kamar sau goma, ku kuma buɗe hotunan ku duba, don wani gilashin yakan tsaya da wuri alhali bai tsaya daidai ba. Mai sayen na hannu kuma ya je da kyamararsa. Nikon D40 ta 2006 da ƙannenta irin su D3100 ba su da inji a ciki, saboda haka gilashin da ba shi da nasa injin ba zai motsa ba sam, ko da kuwa na Nikon ne.