Daga zauren shugabanni zuwa kasuwar Dole

Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a shekara ta 1884, fatake suna kai da kawowa tsakanin Damagaram da Kano. Su tafi da kanwa da fatu da dabbobi, su komo da tufafi da goro. Da Turawan Faransa da na Ingila suka zo, sai suka shata iyaka a tsakani. Sun zauna a kan wannan magana a 1898 da 1904 da 1906, can a Turai, ba da sanin kowa na ƙasar ba. Da haka dangi ɗaya ya rabu biyu, wa a Magarya, ƙane a Ɓaɓura.

Nijar da Nijeriya sun sami mulkin kai a 1960, amma iyakar tana nan. Kowace ƙasa da kuɗinta da duwan ɗinta da dokarta. Don rage wannan wahala ne ƙasashe 15 suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Legas, ran 28 ga watan Mayu 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce. Suka kafa Ƙungiyar Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma. A Nijar ana ce mata CEDEAO, a Nijeriya kuwa ECOWAS. Babban ofishinta yana Abuja.

To, yaya ƙasashe da yawa suke yanke shawara ɗaya?

A fadar sarki abin da sauƙi. Fadawa su yi ta magana, sarki ya yanke, dogarai su zartar. A ƙungiyar ƙasashe kuwa babu sarki, babu dogari. Kowane shugaba sarki ne a gidansa, ba wanda ya isa ya ba shi umurni. Saboda haka magana takan hau matakai kafin ta zama doka.

Da farko gwanaye su zauna, wato ma'aikatan duwan da na kan iyaka da masana doka na kowace ƙasa. Su ne suke rubuta takardar, su yi gardama a kan kowace kalma. Daga nan ta je gaban ministoci, su duba, su gyara. Sa'an nan a kai ta taron shugabannin ƙasashe, wanda shi ne babba. Yarjejeniyar da aka sabunta a Kotonu a 1993 ta yarda a jefa ƙuri'a a kan wasu al'amura, amma galibi ba a yi. Akan yi ta tattaunawa ne har kowa ya amince, ko kuwa mai ƙi ya yi shiru. Wannan hanya tana kare ƙaramar ƙasa daga babba, sai dai tana cin lokaci, kuma sau da yawa akan rage wa doka ƙarfi don kada wani ya tashi a fusace.

Ƙungiyar tana da majalisar wakilai. Lokacin da kujerunta suke 115, Nijeriya tana da 35, Nijar tana da 6. Amma yawancin aikinta ba da shawara ne. Tana kuma da kotu. A 2008 kotun ta zauna a Yamai, ta umurci gwamnatin Nijar ta biya wata mata sefa miliyan 10, domin hukuma ba ta kare ta daga bauta ba. Kuɗin gudanar da ƙungiyar kuwa daga haraji suke fitowa: rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin kayan da aka shigo da su daga wajen yankin. Kayan jika 200 ke nan su biya jika guda.

Dokar da ta fi taɓa mutanen Damagaram ita ce wadda shugabanni suka sa wa hannu a Dakar, ran 29 ga Mayu 1979. Ta ce ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiya yana iya shiga kowace ƙasar ƙungiya ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da ta rigakafi. A 1998 kuma aka yi wata domin makiyaya. Mai garke zai karɓi takarda mai nuna yawan dabbobinsa, da allurar da aka yi musu, da hanyar da zai bi, sa'an nan ya ƙetara.

Amma sa hannu ba shi ne ƙarshen aiki ba. Saura mataki na ƙarshe, wanda ya fi duka wuya: kowace ƙasa ta koma gida ta cika alkawari. Wanda zai cika shi kuwa shi ne ma'aikacin da ke zaune a shingen Ɗan Barto, ba shugaban da ya sa hannu ba. Gwamnatoci ma da kansu sukan saɓa. A farkon 1983 Nijeriya ta kori baƙi marasa takardu, cikinsu har da ƴan Nijar masu yawa. A 1984 ta rufe iyakokinta, ga shi kuwa shekarar fari ce, har tsofaffi suna kiran yunwar wannan lokaci El Buhari. Ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Ƙungiya ta yi magana, ba ta iya buɗe ƙofar ba.

Akwai kuma ranar da ƙungiyar ce da kanta ta rufe. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazum. Tun 2001 ƙasashen, har da Nijar, sun sa hannu cewa ba za su yarda da mulkin da aka karɓa da ƙarfi ba. Kwana huɗu bayan juyin mulkin shugabanni suka taru a Abuja, suka ce a rufe iyaka da Nijar, a tsai da ciniki, kuma in ba a mai da shugaban ba cikin mako guda za su iya yin amfani da ƙarfi. Wannan karo shawara ba ta yi nawa ba. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Katsina. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a bakin iyaka. A kasuwar Dole kayan abinci suka yi tsada, magani ya yi wuya. Masu babura suka koma bin hanyoyin daji.

Mai sayar da wake da mai kai shanu Maigatari ba su da kujera a wancan taro, su ne kuwa suka fara jin jiki. Duk da haka muryar jama'a ta sami wata ƙofa. Majalisar dattawan Nijeriya ta ƙi yarda da yaƙi. Malamai suka yi tattaki zuwa Yamai. A watan Agusta Sarkin Damagaram ya raka Muhammadu Sanusi na biyu, wanda a lokacin tsohon sarkin Kano ne, zuwa wurin Janar Abdurahaman Tiani. Ba a yi yaƙin ba. Ran 24 ga Fabrairu 2024 shugabannin suka janye yawancin takunkumin, a watan Maris kuma aka buɗe iyakar Nijar da Nijeriya.

Kafin nan, ran 28 ga Janairu 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar za su fita. Dokar ƙungiya ta ce mai son fita ya jira shekara guda. Ran 29 ga Janairu 2025 fitar ta tabbata, ƙasashe 12 suka rage. A ranar ƙungiyar ta roƙi sauran ƙasashe su ci gaba da barin mutanen ƙasashen uku su shiga ba biza, har a sake zama. Su kuma ukun sun haɗu a wata sabuwar ƙungiya, AES, wadda shugabanninta suka yi taronsu na farko a Yamai ran 6 ga Yuli 2024.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin fadar sarki da taron shugabannin ƙasashe?
2. Waɗanne matakai magana take hawa kafin ta zama dokar ƙungiya?
3. Kayan jika 600 nawa za su biya wa ƙungiya haraji?
4. A tambayi wani dattijo a gida abin da ya tuna na shekarar El Buhari, a rubuta shi cikin layi biyar.