Yadda Ake Gano Abin Da Ke Sa Katafila Janyewa Gefe Ɗaya

Katafila ba ta da sitiyari. Sarƙa biyu ke ɗauke da ita, kowace da kulocinta da birkinta a bayan inji. Direba ya ja libar hagu, ya yanke wa sarƙar hagu ƙarfi ke nan, ta dama ta ci gaba da turawa, sai jikin ya karkata hagu. In ya ƙara da taka birkin wannan gefen, ta juya a inda take. Saboda haka duk katafilar da ke kauce wa hanya ba tare da an taɓa liba ba, zancen ɗaya ne: wata sarƙar ta fi 'yar uwarta cin ƙasa. Kamar shanun huɗa ne, wajen wanda ya yi nawa kunya ke karkata. Abin da ake nema shi ne dalilin nawar.

A wajenmu nan Maruda, waɗanda ake haya don share gona, tura burji ko haƙa tafkin shayar da dabbobi tsofaffi ne, galibi D6 da D7 na kamfanin Caterpillar, wasu sun girmi jihar Kebbi kanta da aka ƙirƙira a 1991. Bayan ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, neman fili ya ƙaru, aiki ya yi musu yawa. Akwai wasu, irin D8N da ta fito a 1987, masu wani tsarin juyawa dabam. Ba su nake nufi ba.

Bakanike na ƙwarai ba ya fara da sifana, da tambaya yake farawa. "Direba, wane gefe take ja? Da kaya ko ba kaya? Da safe ko sai ta yi zafi?" Rabin aikin yana cikin amsar. Daga nan a nemi fako mai tauri, shimfiɗaɗɗe, a ɗaga felu, a ja layi a ƙasa, a tuƙa gaba a dawo da baya hannu bai taɓa komai ba. Gangare kan yi ƙarya, haka felun da ya karkace yana cin ƙasa da kusurwa ɗaya, shi ma yakan ja injin da lafiyarsa ƙalau.

Sai ƙafa. A sauke felu, a kashe inji, a kankare lakar da ta daskare a haƙoran gargaren baya, don taɓon fadama in ya cushe a nan yakan ɗaure sarƙa tamau. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe bisa kowace sarƙa a auna lotsawarta. Kusan inci biyu ake so, amma abin da ya fi muhimmanci su zo daidai da juna. Da giris ake ɗaure ta, da sakin giris ake sassauta ta, kuma notin sakin juyi ɗaya tak ake yi masa, fuska a kauce, domin matsin da ke ciki yana iya harbo shi ya kashe mutum. A kuma auna tsawon gaɓoɓi huɗu a kowane gefe. Masu injin nan sukan sauya sarƙa ɗaya su bar ɗaya saboda tsada, ita kuwa wadda ta ci ta miƙe ta fi cin tazara, sai katafila ta riƙa lanƙwasa a hankali zuwa wajen sabuwar. Wannan ba ciwon ciki ba ne, kada a kwance komai dominsa.

In ƙafa ta fita daga zargi, to an zo inda ake sanin gwani. Abu biyu ne suka rage, kuma alamarsu a ido iri ɗaya ce: kulocin hagu da ke sulɓewa hagu zai ja, birkin hagu da ke riƙewa shi ma hagu zai ja. Nan ne ake yi wa mai inji asara. Na sha ganin an cire tankin mai da kujera, an fito da kuloci, an aika Ƙofar Ruwa a Kano neman faifai, alhali kusa ɗaya ce a ƙarƙashin birki take son juyi.

Ga yadda ake raba su. Kuloci mai sulɓi ba ya nuna kansa sai da nauyi. Ba kaya, katafila za ta tafi sak. Da felu ya cika, sai ta fara zamewa. Don tabbatarwa a dafa felu jikin tudu ko babban kututture, a sa giya ta ɗaya, a ba da wuta a hankali, yaro yana tsaye nesa yana kallon sarƙoƙin. Lafiyayyen inji duka biyun za su yi ta haƙar ƙasa. Wadda ta tsaya cik tana kallon 'yar uwarta, kulocinta ne. Wata dabarar kuma, ana cikin tafiya a ja libar dama ita kaɗai, a bar hagu ta ɗauki nauyin. In katafilar ta yi sanyi ko ta tsaya, kulocin hagu ne, magana ta ƙare.

Birki mai riƙewa kuwa ba ruwansa da kaya. Gaba ko baya, felu a sama ko a ƙasa, yana nan yana ja, kuma yana tona asirin kansa da zafi. Bayan ɗan zagaye, bakanike zai ɗora bayan hannunsa a murfin dama, ya ɗora a na hagu, ya sunkuya ya shinshina. Ƙaurin takalmin birki ba ya ɓuya. Ina son kallon wannan lokaci. Yawancin dattawan kanikawan nan a kamfanonin gina hanya suka koyi aikin tun suna samari, ba su da na'urar gwaji ko ɗaya, amma hannu da hanci da kunne sun ishe su. A kan babur suke zuwa daga Birnin Kebbi ko Jega, buhun sifanu ɗaure a baya, mai inji yana ta safa da marwa saboda kuɗin hayar yini na tafiya, su kuwa ba mai sa su gaggawa.

Ko an kama kuloci, ba a yi saurin fito da shi. A fara taɓa libar: dole ta yi ɗan wasa kafin ta fara ja. Faifai na cinyewa wasan nan na raguwa, har ya ƙare, kuloci ya zauna rabi a sake kullum. Gyaran noti ne kawai. In wasa na nan, kuma injin mai busasshen kuloci ne, a kwance toshiyar da ke ƙarƙashin akwatin. Baƙin mai ya tsiyayo, to sil ya mutu, mai ya jiƙa faifai. Wanki da kananzir zai sa a ƙarasa aikin yau, amma sai an sauya sil ɗin. Mai kuloci cikin mai kuwa, matata da ƙarfin famfo ake fara dubawa. Shi birki, a duba sifirin da ke mayar da feda, a duba kusar da ke tallafe da shi daga ƙasa, a daidaita bisa ƙa'idar littafin wannan samfurin. Kafin a rufe, a tsiyayi man giyar ƙarshe a tafin hannu. Ɓarɓashin ƙarfe a ciki na nufin boris ya fara ci, shi ma yana riƙe sarƙa.

Kira na ga direbobi: kada ku riƙa gyara janyewa da taka birkin ɗaya gefen yini guda. Kuna ƙona lafiyayyen ne don rufa wa mai ciwo asiri, ƙarshenta gefe biyu za a kwance. Ranar da kuka ga ta fara ja, ku tsaya ku kira bakanike.