Waya Ɗaya, Hanyoyi Da Yawa: Amsoshin Tambayoyinku Kan Rabon Intanet

  Yau wasiƙu uku na ware, duka daga arewacin Kano, kuma da na karanta su sai na ga ashe tushensu ɗaya.

Ta farko daga Bichi ta zo, daga wani matashi mai koyon aikin haɗa na'urorin intanet. Ya ce: "Malam, a littafinmu na tarar da batun haɗa hanyoyin saƙo rukuni guda a kan rauta. Na karanta sau uku ban gane ba. Waya ɗaya ce ta shigo, to ina hanyoyin suke?"

Ƙanena, ba sai mun je nesa ba. Je ka Bagwai ka tsaya bakin dam ɗin Watari. Ta babbar magudana ruwa yake fitowa, amma kafin ya kai fangalin mai tumatir da na mai shinkafa an raba shi zuwa ƙananan magudanai, kowace da ƙofarta. Haka wayar nan take, sai dai ita ba siminti ne ya raba hanyoyinta ba, lamba ce. Ana yanka kowane saƙo gutsi-gutsi, a manna wa kowane gutsure lambar hanyar da zai bi. A tsohon tsarin da ake kira ATM, wanda ba shi da alaƙa da na'urar cire kuɗi, kowane gutsure bayit 53 ne: 5 na kan gutsuren da ke ɗauke da lambar hanya, 48 na ainihin saƙon.

Batun rukuni kuwa, ka tuna da dami. Manomi ba ya jidar zangarniya ɗaya-ɗaya zuwa rumbu, ɗaurewa yake yi. Injiniya ma yakan buɗe hanyoyi da dama tsakanin rauta biyu, ya ɗaure su da suna ɗaya da adireshi ɗaya, ya rubuta musu doka sau ɗaya ta hau kan kowace. A na'urorin Cisco, saƙonni na da matakan gaggawa takwas, daga 0 zuwa 7. Na 6 da na 7 akan bar wa na'urorin don maganar da ke tsakaninsu, murya ta hau na 5, saƙon da ba a sa wa alama ba ya zauna a 0. Sai a ce wa kowane mataki ga hanyarka. Idan wata hanya ta mutu, sai a tura kayanta wata a cikin damin. Akwai kuma wadda za a ba matsayin uwa: in ta faɗi, a ɗauka damin duka ya faɗi, rauta ta nemi wata mafita. Yau sababbin tsare-tsare irin su MPLS da VLAN sun karɓe yawancin aikin ATM, amma hikimar ba ta sauya ba. Shawarata gare ka uku ce: ka zana tsarin a takarda kafin ka taɓa kwamfuta, ka tabbata lambobin ɓangarorin biyu sun dace, sannan ka kashe hanya ɗaya da gangan ka ga inda kayanta za su bi. Gani ya kori ji.

Wasiƙa ta biyu daga wani dattijo ce mai sana'ar POS a Dambatta. Ya ce: "Ranar kasuwa ina kiran waya lafiya ƙalau, amma na'urata sai ta yi ta juyi, mai hatsi yana tsaye yana jiran kuɗinsa. Sabis ɗin ɗaya ne, me ya kawo wannan?"

Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da kai yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma ranar kasuwa ƙauyukan kewaye duk sun tattaro ƙarƙashinsa. Murya ba ta jure jinkiri, in ta makara da rabin daƙiƙa hira ta lalace, shi ya sa aka ware mata hanyarta. Saƙon na'urarka ɗan mitsitsi ne, amma galibi hanyar gama-gari yake bi, yana gogayya da bidiyon samari. Kamar mai keke ne ya faɗa tsakiyar tireloli a hanyar Dawanau. Wani lokacin ma cunkoson ba a Dambatta yake ba, a can wajen banki ne. Wani lokacin kuma daga teku ne: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kamfanoni suka karkata kayansu ta sauran wayoyin da suka tsira. Abin da na faɗa wa ɗalibin Bichi ke nan, amma a babban mataki. Ka riƙe layin kamfanoni biyu, kada ka sake maimaita cinikin da bai nuna sakamako ba sai ka duba, kuma in ka kai kuka wajen kamfani ba a share maka hawaye ba, hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar 622, kyauta ce.

Ta uku daga wata malama ce da ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a Tsanyawa. Ta ce da zarar ta kunna rauta, wayoyin jama'a sai su cinye data, ɗaliban da ke gwajin jarrabawar JAMB su rasa.

Malama, sannu da ƙoƙari, wannan aikin lada ne. Ke ma za ki iya ɗaure naki damin. Yawancin ƙananan rauta suna da sashen baƙi: ki buɗe shi da kalmar sirri daban, ki rage masa gudu. Kwamfutocin ɗalibai ki haɗa su rukuni guda, ki nemi wurin da aka rubuta QoS ki ba su fifiko, ki riƙa sauya kalmar sirri duk wata. Tsarin faɗaɗa intanet na gwamnatin tarayya na 2020 zuwa 2025 ya sa burin gudun megabit 10 a karkara, 25 a birni. Kafin wannan ya iso kowane ƙauye, ɗan abin da ke hannu shi za a raba da adalci, kamar yadda masu lambu ke karɓa-karɓa da ruwa a tsakiyar rani.

Nan za mu dakata. Roƙona ga masu unguwanni da matasanmu: in kun ga ana haƙa kusa da inda aka binne wayar faiba, ko ana ɓarna a gindin ƙarfen sabis, ku yi magana. In wayar nan ɗaya ta tsinke, hanyar asibiti da ta banki da ta makaranta duk tare suke tafiya. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku.