Idan Ɗanku Ya Kasa Tashi Daga Tabarma

A unguwa irin Kambarawa ta Katsina, inda kowa ya san gidan kowa, an saba ganin saurayi mai ciwon taɓin hankali na sikizofiriniya ya sha magani, muryoyin da yake ji sun lafa, amma yana nan kwance a zaure, ba wanka, ba kasuwa. Sai a ce lalaci ne. Iyaye, wannan mutuwar zuciya daga ciwon take, kuma magani bai cika kawar da ita da wuri ba. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 na ɗauke da ciwon.

Faɗa da gori ba sa tayar da ɗanku, suna ma iya dawo da ciwon. Ku ba shi aiki ɗaya ƙarami, a lokaci guda kullum: ba akuya dusa bayan Asuba, ko sayo gawayi. Ku yi tare da shi. "Tashi mu je" ta fi "tashi ka je" tasiri nesa ba kusa ba. Ko rabi ya yi, ku sa masa albarka.

In kuka ga jikinsa ya sandare, hannu na rawa, ko barci ya yi yawa, wataƙila maganin ne. Kada ku tsayar da shi da kanku, ku koma wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a gyara masa.